Gidan da Aka Hana Kifi

Auta,

Ina gaishe ka gaisuwar uwa. Allah Ya kai ka Yamai lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da gudun direbobin nan marasa imani, Ya sa ka kama aikinka a sa'a. Amin. Ka riƙe gaisuwar nan da kyau, don abin da ke biye da ita ba mai daɗi ba ne.

Na zaɓi rubutu ne don na gaji da yi maka magana baki da baki. Da na buɗe baki sai ka yi murmushin nan naka, ka ce, "To, Madam ta shiga aji," ni kuma in hau faɗa, maganar ta ɓace a cikin hayaniya. Takarda ba ta jin ba'a. In ka ga dama ka yi mata dariya, za ta jira ka gama.

Ina rubutu a bakin ƙofar ɗakin babanka. Na ba shi abinci, na goge masa baki, na juya shi ɓangaren da ke da rai, ya samu barci. Kafin ya farka nake so in gama.

Ka tuna makon jiya, da muka kai shi asibiti a duba shi. Likita ya gama da shi, ya ɗago kai ya dube ka, ya dubi cikinka, ya tambayi shekarunka, ya sa aka ɗebi jininka. Da sakamako ya fito, a gabana ya gaya maka kitsen da ke cikin jininka ya wuce ƙima, tansiyonka kuma ya fara hawa, hawan jini ke nan. Me ka ce masa? Ka ce, "Likita, ai gadon gida ne, mu ba mu da ramamme." Ka yi dariya. Shi bai yi ba. A hanyarmu ta dawowa, babanka na kwance a bayan mota, miyau na zuba a wuyan rigarsa, ka sa aka tsaya ka sayi balangu a takardar siminti, ka ce wa mai naman ya ƙara maka wajen kitsen. Ban ce komai ba a lokacin, don da na buɗe baki da duk kasuwa ta taru a kanmu. Yanzu zan faɗa.

Kai da ƴan'uwanka kun tashi a gidan da ba a dafa kifi, kuma ba wanda ya taɓa tambaya ta dalili. Kun ɗauka haka duniya take. To ni ba haka na tashi ba. A garinmu, can wajen Gidimuni, tafki na bayan gidanmu, ubana masunci ne. Tarwaɗa da karfasa muka ci muka girma, ɗanye a miya, busasshe a daka, kuma muna shan furarmu da nono kamar kowa.

Da aka kawo ni Damagaram ina amarya, na so in burge babanka. Wani ƙanena ya zo da tarwaɗa manya, na yi miya wadda har yau ban sake yin irinta ba. Ina cikin saukewa sai ga kakarka, Inna, ta shigo tsakar gida. Ta tsaya, ta shaƙi iska.

"Me ya mutu a gidan nan?"

"Inna, miyar kifi ce na yi wa Malam."

"Wane Malam? Wanda ya sha fura da nono da azahar? Ke ƴar nan, so kike ki mayar mini da ɗa dabbare-dabbare kamar akuya? Ba a gaya miki kifi da nono albaras suke kawowa ba?"

Ka san albaras, farin tabon nan da ke fitowa a fata. Inna ƴar Tirmini ce, a cikin shanu ta girma, tafkin da ya wuce na damina ba ta taɓa gani ba. Ta ji maganar a bakin uwarta, ta riƙe ta da gaskiya, ba don mugunta ba. Ita ba ta sani ba. Ni na sani. Amsar tana bakina: Inna, duk garinmu haka muke ci, kuma ga fatata ki duba. Ban faɗa ba. Abin da ya rufe mini baki kuwa ba ladabi ba ne, kada ka yi mini wannan kyakkyawan zato. Ƙannen babanka na ji suna dariya a bayan zana, ɗaya tana cewa, "An kawo mana ƴar masunta, yanzu har zanen gado sai ya yi ƙarni." Kunyar gidanmu na ji. Na ɗauki tukunyar na miƙa wa maƙwabta, na wanke hannuna da toka har fata ta yi ja. Tunda babanka ba ya wuni bai sha fura ba, kifi ya fita daga gidan ke nan. Tukunyar ma aka mayar da ita ta jiƙa wanki.

Saboda haka, Auta, in wani ya yi maka ba'a a kan abin da ke cikin kwanonka, ka dube shi da kyau, ka tambayi kanka ko shi zai zo ya ɗaga ka in ka kwanta. Waɗannan ƙannen na babanka suna nan da ransu. Suna zuwa dubiya ranar Juma'a, su tsaya daga bakin ƙofa, su toshe hanci da gefen mayafi, su ce Allah Ya sawwaƙe.

Abin da ya fi ƙona mini rai, daga baya na karanta abin a littattafai, har na koyar da shi. Shekara da shekaru ina tsaye gaban ƴan kwaleji da alli a hannu, ina zana musu zuciya da jijiyoyinta. Ina gaya musu mai ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda in ya huce yake daskarewa a bakin kwano, kamar kakiɗe da kitsen rago da man shanu, wanda in ya yi yawa yake taimaka wa jijiyoyin jini su cushe. Akwai kuma wani da masana ke kira omega uku, wanda jiki ba ya iya ƙera shi da kansa, dole sai an ci. Yana rage wani nau'in kitse da ke yawo a jini, yana taimakon zuciya da jijiyoyi, kuma da shi ake gina ƙwaƙwalwa da idon jariri tun yana ciki. Inda ya fi yawa kuwa jikin kifi ne, musamman kifin teku mai maiƙo. Yara su rubuta, in ba su maki, in rufe littafi, in dawo gida in narka wa babanka man shanu a kan tuwo har ya yi iyo. Ilimin nawa a bakin ƙofar lakwal, makarantar da nake koyarwa, nake ajiye shi, kamar takalmi a ƙofar masallaci, sai dai ni da na fito ba na ɗauka.

Har cikinka na yi ban ci kifi ba, sai in na je garinmu in ci a ɓoye kamar ɓarauniya, in tauna kanumfari kafin in hau motar dawowa. Ban san abin da hakan ya rage maka ba, kuma ba zan taɓa sani ba. In ka yi aure, matarka ta samu ciki, ka sayo mata kifi da hannunka, kowa ya ce me zai ce.

Sai maganar ƙiba. Da na auri babanka siriri ne, rigar biro, ta zuwa ofis, tana yi masa yawa. Ni na cika ta. In mun je biki mata su ce, "Kai, Madam, kin iya kiwo! Dubi wuyan Malam." In ji daɗi har cikin raina. A garin nan mijin da ya rame matarsa ake zagi, ni kuwa da aka riga aka raina asalina, na ƙudura ba mai ƙara samun abin faɗa a kaina. Wutsiyar rago tasa ce. Ƙasan tukunya inda mai ya kwanta nasa ne. Man suya kuwa ba na zubarwa, in soya, in tace, in sake soyawa, har ya koma baƙi kamar man inji, ina ganin tattali nake yi. Dunƙule da gishiri ba a magana. Da la'asar ya tafi fada, wajen zaman hirarsa da abokansa, shayi mai sukari zagaye bayan zagaye, tsire da kilishi, ga taba. Ya dawo yana nishi, in ce sannu da zuwa.

Wata rana na gwada. Na ce, "Malam, da ka rage naman nan."

Ya shafa cikinsa ya ce, "Madam ta fara darasi. Wannan ai aikin hannunki ne, yanzu kuma za ki rushe ginin da kika yi?"

Na yi dariya. Ka ji, dariya na yi. A bakinsa ka koyi kira na Madam, a bakina kuma ka koyi cewa in aka yi ba'a magana ta mutu. Kada ka auri mace mai auna ƙaunarta da girman cikinka, kuma kada ka sa ta ta zama haka. In ta ce ka rage, ka rage, ko da ta faɗa tana dariya.

Da aka fara ce masa yana da tansiyo, aka rubuta masa magani, aka ce ya gyara cin abinci, ya riƙa cin kifi. A nan ne ya kamata in tafi ɗakin Inna, in durƙusa, in gaya mata gaskiya da ladabi, in ta yi fushi ta yi. A lokacin ni ba amarya ba ce, na haifi ƴaƴa, na aurar, furfura ta fara fito mini. Amma sai na nemi dabara. Na ga wani mai yawo da magani a faranti bisa kai, a cikin kayansa akwai ƙwayoyin man kifi, rawaya, masu sheƙi. Na ce shi ke nan, ga kifi babu ƙarni, babu tukunya, babu rigima. Na saya ina jin kaina mai wayo. Ban tsaya na yi tunanin wata nawa suka yi suna yawo a ranar Damagaram ba, ni da na san zafi yana lalata irin wannan mai. Ban kuma san ko abin da aka rubuta a jikin kwalbar shi ne a ciki ba.

Babanka ya karɓe su hannu biyu. A ganinsa an ba shi sabulun wanke tsire. Ya haɗiyi ɗaya, ya tafi fada ya ci ninki. Maganin likita kuwa ya ce yana sa shi yawan fitsari a wurin aiki, ya ajiye, tunda ga na Madam. Na gani, na yi ƙorafi kaɗan, na bari.

Ka ji wannan da kyau, don na san halinka, kana isa Yamai za ka shiga farmasi ka sayi kwalba ka ce ka cika umarnina. Ƙwayar man kifi ba ta maye gurbin abinci, ba ta maye gurbin maganin da likita ya rubuta, ba ta kuma yafe abin da ka ci jiya. In likita ya ce ka sha, ka sha wadda ya ce. In bai ce ba, ka bar ta.

Sauran ka sani, kana nan. Ranar da kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa a fada, abokansa suka ɗauka wasa yake, har wani ya ce, "Malam, tun yanzu ka fara gyangyaɗi?" Sai da suka ga bakinsa ya karkace. Aka kawo shi a kwance.

Ba zan yi maka ƙarya in ce da ya ci kifi da bai faɗi ba. Ban sani ba, likita ma bai sani ba. Akwai gado, akwai gishiri, akwai taba, akwai zaman kujera, akwai maganin da ya ajiye. Kifi ba laya ba ne. Amma cikin duk abubuwan nan, tukunya ce kaɗai take hannuna, kuma ita ce na saki.

Na san abin da za ka ce, don ka sha faɗa: kowa da ranarsa. Haka ne, ni ma na yi imani. Amma wa ya ce maka maganar mutuwa nake yi? Babanka bai mutu ba. Mutumin da in yana ba da labari a zaure har masu wucewa ke tsayawa, yau kalma ɗaya ta rage masa, "to". Yana jin yunwa, to. Ya ɓata shimfiɗa, to. Kai kana shigowa ka gaishe shi bayan na gama wanke shi, na shafa masa turare, na sa masa hula. Ba ka taɓa ganin idonsa ba lokacin da nake cire masa wando. Yana juya fuska bango, hawaye na bin gefen hancinsa, ni kuma in yi kamar ban gani ba, in riƙa yi masa hirar farashin gero. Abokan fada sun yi zirga-zirga da farko. Yanzu in sun biyo ta layinmu sauri suke ƙarawa. Bayana ya ƙare, Auta. In na sunkuya ɗaga shi, sai na dafa bango kafin in miƙe. Mutum ɗaya nake iya juyawa, shi ma da ƙyar. In aka kawo mini kai a kwance, ban san wanda zai juya ka ba.

To ga ka za ka garin da kogi ya ratsa ta tsakiyarsa. Ba ka da hujja. Ka ci kifi ko sau biyu ne a mako. Na kogi yana da kyau, karfasa da giwan ruwa da tarwaɗa, amma na teku mai maiƙo da ake kawowa cikin ƙanƙara ya fi su wannan mai da nake gaya maka. Kada ka raina sardin na gwangwani don ana ce masa abincin ƴan makaranta, yana cikin waɗanda suka fi amfani, sai dai ka kula da gishirinsa. Gasasshe ko na miya za ka nema. Wanda aka soya a baƙin mai har ya zama kamar icce, wahalar tauna kawai za ka sha. In za ka sayi ɗanye, ka dubi idonsa ya zama garau, ka ɗaga murfin kunnensa ka ga ja a ciki, ka danna jikinsa da yatsa, in wurin ya lotsa bai taso ba ka wuce. Haka ubana ya koya mini, kuma yau ba na jin kunyar faɗa. In kifin banda ne kuwa, mai hayaƙi, ka shinshina kafin ka saya, don akwai marasa tsoron Allah da ke zuba masa maganin ƙwari kada ya yi tsutsa.

Ranar da babu kifi, awara tana ɗan taimakawa, don waken soya yana da nasa rabon, in dai ba a man jiya aka soya ta ba. Gyaɗa da riɗi nasu wani nau'i ne, omega shida, ya fi kitsen dabba nesa ba kusa ba, amma ba ya yin aikin na kifi, kada ka ci ƙuli-ƙuli ka ce ka gama. Ka ci zogale da rama. Nama ban hana ka ba, ni ba mahaukaciya ba ce, amma ka bar cewa a ƙara maka kitse. Mai shayin bakin biro, mai lafta mai a burodi kamar yana yaɓen ɗaki, kada ya zama uwarka. Ka yi tafiya da ƙafa. Ka nemi likita can ya riƙa auna ka, in ya ba ka magani ka sha ko zai sa ka kwana a bayi. Furarka kuma ka sha abinka, babu albaras ɗin da zai same ka. Ga ni nan shaida, fatata ɗaya ce tun daga goshi har tafin ƙafa.

Jiya da rana, kana wajen sallamar abokanka, na yi abin da ya kamata in yi tun ina amarya. Na sayo kifi, na dafa a tsakar gida, a babbar tukunya, ban rufe ƙofa ba. Babanka ya riga ya sha furarsa. Na zuba a kwano na kai ɗakinsa. Inna tana zaune a gefen gadon kamar kullum, tana jan carbi, tana kore masa ƙuda. Ka san yadda ta koma, ido ya yi rauni, amma hancin yana nan. Ta ɗago kai.

"Kifi ne?"

"Kifi ne, Inna."

"Ya sha nono ɗazu."

"Na sani. Ni na dama masa."

Na tsaya da kwanon a hannu, na shirya. Duk maganar da na haɗiye tun ina amarya tana bakina, jira kawai nake ta ce a fitar da shi. Wallahi so nake ta ce. Ta daɗe tana kallon ɗanta. Sai ta ajiye carbin, ta miƙo hannu.

"Kawo nan. Ke ba ki iya cire ƙaya ba, sauri gare ki."

Ni, ƴar masunta, ban iya cire ƙaya ba. Na ba ta. Ta riƙa murza tsokar da yatsu tana lalube, tana sa masa a baki kaɗan-kaɗan, rabi na shiga rabi na dawowa, tana sharewa da gefen zanenta. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "In zai yi fari ya yi fari, ko duk jikinsa ne. Ni dai ya tashi." Sannan ta tambaye ni, "Zai tashi, ko? Tunda likita ya ce a ba shi."

Na ce, "Sai yadda Allah Ya yi, Inna." Na fita bayan ɗaki na zauna a kan turmi. Faɗan da na tanada bai samu wanda zan yi da shi ba. Kifi ba ya tayar da hannun da ya shanye, Auta, kuma ban iya gaya mata ba. Ta ce gobe ma a sayo. Zan sayo.

Shi an makara. Kai da ƙafarka za ka hau mota. Ba na neman ka aiko mini da komai daga Yamai, ba zane, ba turare. In ka zo hutu, ka shigo gidan nan da ƙafarka, ka yi sallama da bakinka. Iyakar abin da nake so ke nan, kuma ina ganin ban roƙi abin da ya fi ƙarfinka ba.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya kare ka daga abokan da ba su san ka ba sai a bakin tukubar mai nama. Allah Ya ba ka lafiyar da za ka yi sujada da goshinka har ƙarshen ranka. Ya ba babanka sauƙi, ni kuma Ya ba ni ƙarfin baya. Na ji yana motsi, bari in je.

Mahaifiyarka